Yadda Ake Jure wa Illolin Kemoterafi a Jinyar Sankarar Fankiriyas

Fankiriyas wata gaɓa ce mai tsawon kimanin santimita 15 da ke kwance a bayan tumbi. Ayyukanta biyu ne: tana zuba sinadaran narkar da abinci cikin ƙaramin hanji, sa'an nan tana samar da insulin mai daidaita sukari a jini. Da yake a ɓoye take can cikin ciki, sankararta ba ta cika nuna alama da wuri ba, kuma galibi ba a gano ta sai ta wuce matakin da tiyata za ta iya cire ta. Wannan ne ya sa kemoterafi, wato jinya da magunguna masu kashe ƙwayoyin sankara, ya zama ginshiƙin jinyar.

Waɗannan magunguna suna kai hari ne ga ƙwayoyin halitta masu saurin rarrabuwa, domin haka ƙwayoyin sankara suke. To, amma akwai lafiyayyun ƙwayoyi masu irin wannan hali a cikin ɓargo, da fatar cikin baki da hanji, da tushen gashi, su ma kuwa magani ba ya ƙyale su. Daga nan ne ƙarancin jini, da gyambon baki, da gudawa, da zubewar gashi suke samo asali. Shi ya sa ake ba da maganin zagaye-zagaye da hutu a tsakani, don jiki ya farfaɗo.

A shekarar 1996 aka amince da jemsitabin a Amurka domin wannan cuta, kuma illolinsa da ɗan sauƙi. A 2011 kuma likitocin Faransa suka wallafa sakamakon gwajin wani haɗi mai suna FOLFIRINOX, wanda ake bayarwa duk bayan mako biyu. A tsakanin waɗanda cutar ta riga ta bazu a jikinsu, matsakaicin tsawon rayuwa ya kai wata 11.1, alhali na masu karɓar jemsitabin wata 6.8 ne. Sai dai wannan riba ta zo da ƙarin wahala, don haka ba a ba da haɗin sai ga mai sauran ƙarfi a jika.

Tashin zuciya da amai su ne mutane suka fi tsoro, amma su ne aka fi samun galaba a kansu tun da magunguna irin su ondansetiron suka fito a farkon shekarun 1990. A kan sha su ne kafin zuciya ta fara tashi, domin hana amai ya fi tsayar da shi sauƙi. Cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi cika ciki sau ɗaya. Akwai wani abin lura kuma: deksametason da ake haɗawa da su yana ɗaga sukarin jini, ga shi kuwa da yawa daga masu wannan sankara suna da ciwon sukari, saboda haka sai an riƙa aunawa.

Gudawa tana buƙatar natsuwa, don iri biyu ce. Akwai wadda irinotikan, ɗaya daga magungunan FOLFIRINOX, yake haddasawa, wadda kan taso bayan kwana ɗaya ko fiye, a kan tare ta da loferamid da shan ruwan gishiri da sukari. Akwai kuma wadda ita cutar ce ke kawowa: idan fankiriyas ta kasa fitar da sinadaranta, mai ba ya narkewa, sai bayan gida ya fito fari-fari, mai maiƙo da tsananin wari, mutum ya yi ta ramewa ko da yana ci. Maganin wannan shi ne ƙwayoyin sinadaran narkar da abinci, irin su Creon, waɗanda ake haɗiya tare da kowane abinci. Daga fankiriyas ta alade ake samo su, kuma haƙƙin majinyaci ne a gaya masa haka tun farko.

Shi kuwa oksalifilatin jijiyoyi yake taɓawa. Cikin 'yan kwanaki bayan an karɓe shi, taɓa abu mai sanyi kan sa yatsu su yi zir kamar an taɓa wayar lantarki, kurɓar ruwan firji kuma ta sa maƙogwaro ya ji kamar ya shaƙe. Ruwan ɗumi da safar hannu, musamman da hunturu, suna rage wannan. Wanda ya fi muni shi ne mutuwar yatsu da ke taruwa a hankali har ɓalla maɓalli ya gagara, don yana iya zama na dindindin idan ba a rage maganin ba.

Zazzaɓi ne babban haɗari. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan magani, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta kan ragu ƙwarai, ta yadda ƙaramar cuta za ta iya mamaye jini cikin 'yan sa'o'i. A ƙasar Hausa an saba ɗaukar kowane zazzaɓi na cizon sauro ne, a aika yaro kemis ya sayo magani. Ga mai karɓar kemoterafi, wannan ganganci ne da rai. Da zarar ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 38, ko mutum ya kama makyarkyata, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne, a kuma faɗi cewa yana kan kemoterafi. Kada a sha farasitamol kafin a auna, don yana ɓoye zazzaɓin.

Wasu majinyata kan ɓoye wahalarsu don gudun kada a rage musu magani. Rage yawan magani ko jinkirta zagaye da mako guda abu ne da likitoci suka saba yi, har ma akwai sassautaccen FOLFIRINOX da aka tsara don haka. Ɗan littafin da majinyaci ko mai jinyarsa zai riƙa rubuta zafin jiki, da yawan fita bayan gida, da abin da aka iya ci kowace rana, shi likita zai duba ya tsara zagaye na gaba.