Murna Baƙuwa Ce, Kwanciyar Rai 'Yar Gida

Duk wanda ya taɓa kwana a Tudun Wada ta Minna cikin watan Maris, lokacin da zafi ke hana barci, ya san ihun da yara ke yi idan aka kawo wuta. Unguwa takan ɗauka baki ɗaya, a kunna fanka, a ruga neman caja, mai sayar da ƙanƙara ya yi hamdala. Bayan awa ɗaya ko biyu a ɗauke, murna ta koma ciki. Haka ake fama a jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro. Amma a gidan da yaran suka yi ihu za ka tarar da dattijuwa a kan tabarma da maficinta. Zuwan wutar bai sa ta tsalle ba, ɗaukewarta ma bai ɓata mata rai ba. Yaran murna suke yi, ita kuwa kwanciyar rai gare ta.

Da yawa daga cikinmu mukan haɗa su biyun mu kira su farin ciki, alhali Hausa ta raba su tun tuni. Murna tana da dalili da rana: an haihu, an ci jarrabawa, albashi ya shigo, an sami kujerar Makka, watan Sallah ya tsaya. Shi ya sa ake zuwa taya murna. Ba a taɓa jin an je taya wani kwanciyar rai ba, domin ba ta da ranar da ta zo. A hankali take ginuwa, daga yadda mutum ke zama da Ubangijinsa, da iyalinsa, da maƙwabtansa, da abin da ke hannunsa. Malamai suna kiranta ƙana'a, mu kuma mu ce wadatar zuci.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun tarar da abin da ya yi kama da haka. A shekarar 1978, wani masani a Amurka mai suna Philip Brickman da abokan aikinsa sun gwada mutanen da suka ci maƙudan kuɗi a caca da wasu da ba su ci komai ba. Sai suka ga masu kuɗin ba su fi sauran jin daɗin rayuwa da wani abin kirki ba, ƙananan abubuwan yau da kullum ma sun rage yi musu armashi. Zuciya tana saurin sabawa da sabon abu, babur ɗin da ya hana ka barci don ɗoki, bayan wata uku sai kukan mai da gyara. A Jami'ar Harvard kuwa, tun 1938 ake bin rayuwar ɗaruruwan mutane daga ƙuruciya zuwa tsufa, kuma babban abin da aka gano shi ne kyakkyawar alaƙa da mutane ta fi dukiya da suna tasiri ga lafiya da jin daɗi. Kakanninmu da suka ce zumunta a ƙafa take ba su jira wannan bincike ba.

Kada a ɗauka ana cewa mai jin yunwa ya yi shiru. A 2003 mujallar New Scientist ta buga wani bincike da ya sa 'yan Nijeriya a kan gaba wajen cewa suna cikin farin ciki, muka yi ta alfahari. Amma ranar 5 ga Fabrairu 2024, mata da matasa sun tare hanya a Kpakungu da ke nan Minna saboda tsadar abinci. Iya dariya a cikin wahala abu ne daban da samun natsuwa. Abinci, lafiya, tsaro da aikin yi su ne harsashi, kuma haƙƙin shugabanni ne su samar da su. Sai dai akwai ɓangaren da ke hannunmu, a nan ne muka fi yin sakaci.

Dubi yadda muke sayen murnar yini ɗaya da kwanciyar ran shekara guda. Uba ya ci bashi don kayan ɗaki su fi na 'yar maƙwabci, ango ya sayar da fili don akwatunan lefe, a fitar da anko kala uku, a yi liƙi, a ɗauki hotuna a watsa a TikTok. Baƙi su watse, masu bin bashi su fara sallama. Wanda ya yi daidai ruwa daidai tsaki shi ma ya yi murnarsa, ya kuma kwana da barcinsa.

Hanyar samun duka biyun ba ta da tsada. Ka rage auna rayuwarka da abin da kake gani a waya, domin ba mai ɗora hoton ranar da tukunyarsa ba ta hau wuta ba. Ka ware lokacin cin abinci da iyalinka, ka leƙa maƙwabci marar lafiya, ka taka zuwa wurin 'yan'uwa ko da hannu biyu ne. Ki shiga adashin da ba zai ƙure ki ba, ki bar wanda zai hana ki barci. Ka riƙe sallarka da addu'arka, ka yi sadaka ko da ta ruwan sha ce. Idan ƙaramin abin murna ya zo, ruwan farko na damina ko sabuwar doya a Kasuwar Kure, ka tsaya ka ji daɗinsa, ka gode.

Idan kuma baƙin ciki ya kwanta wa mutum fiye da mako biyu, ya daina jin daɗin komai, barci da cin abinci suka rikice, wannan na iya zama ciwon damuwa. A kai shi ga likita, kada a tsaya ga cewa ya yi haƙuri kawai.

Ɗan'uwa mai karatu, idan murna ta yi sallama ka karɓe ta hannu biyu, ka shimfiɗa mata tabarma. Amma kada ka ci bashi ko ka ɓata da ɗan'uwanka don ka tsayar da ita, domin ko me ka yi mata sai ta tafi.