Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Kallon Jini Yana Daskarewa

Ko ka san akwai na'urar da ke zana hoton yadda jini ke daskarewa, tun daga fara yin kauri har narkewar gudan? Sunanta TEG, kuma wani likitan Jamus, Hellmut Hartert, ne ya ƙirƙiro ta a birnin Heidelberg a 1948.

Aikinta babu sarƙaƙiya. Ana zuba jinin da bai kai rabin mililita ba a wani ɗan ƙoƙo mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, sai a saukar da wani ɗan tsinke a tsakiyarsa. Ƙoƙon na juyawa dama da hagu a hankali. Muddin jinin yana ruwa, tsinken ba ya motsi. Da ya fara kamawa, kamar yadda kunu ke riƙe ludayi in ya yi kauri, sai zaren gudan jinin ya ja tsinken, na'urar kuma ta rubuta ƙarfin jan. Daga zanen likita zai ga lokacin da daskarewar ta ɗauka, ƙarfin gudan, da saurin narkewarsa.

Me ya haɗa ta da yaran da aka yi wa dashen ɓargo? Kafin dashe, ana ba yaro magunguna masu ƙarfi don share tsohon ɓargonsa. Wani lokaci magungunan na raunata ƙananan hanyoyin jini na cikin hanta har su toshe, galibi a makonni uku na farko. Sai hanta ta kumbura tana ciwo, ruwa ya taru a ciki, nauyin yaro ya ƙaru, wani lokaci idanu su yi rawaya. Yara sun fi manya kamuwa da wannan matsala.

Hanta ce ke sarrafa yawancin sinadaran da ke daskarar da jini, ita ce kuma ke yin masu hana shi wuce gona da iri. In ta jigata, duka biyun suna raguwa, don haka yaro na iya fuskantar toshewa da zubar jini a lokaci guda. Gwajin da aka saba yi yana auna lokacin fara daskarewa ne kawai a ruwan jini. TEG kuwa jinin gaba ɗaya take dubawa. Shi ya sa masu dashen hanta a Pittsburgh ta Amurka suka rungume ta a shekarun 1980, masana kuma ke bincike ko zanenta zai fallasa toshewar hanta da wuri.

Maganar ta shafe mu, domin dashen ɓargo na warkar da sikila, kuma an fara yin sa a Najeriya a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Iyayen da aka yi wa ɗansu dashe su lura: ƙaruwar nauyi farat ɗaya ko kumburin ciki abu ne da za a sanar da likita nan take.