Awon Igiya da Raɗin Suna: Yadda Sababbin Unguwanni Ke Tashi a Gefen Kawaji

Wanda ya bi titin Haɗeja ya wuce kasuwar 'Yankaba, ya karkata wajen Kawaji, Dakata da Sauna, zai ga wuraren da dattawa suka sani gonakin dawa da gero sun zama gidaje manne da juna. Kawaji ɗaya ce daga mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Nassarawa ta Kano, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane kusan 600,000. A cikin wannan ƙaramar hukuma guda ake samun unguwar GRA mai faffaɗan tituna da itatuwa, wadda Turawan mulkin mallaka suka shata bayan sun ci Kano a 1903, ake kuma samun unguwannin da igiyar dillali ta shata.

Dalilan yaɗuwar awon igiya sanannu ne. Birni ya cika ya batse, masana'antun Bompai da Dakata sun jawo ma'aikata, kowa kuma yana son ya fita daga gidan haya. Idan mai gona ya rasu, magada sukan ga sayarwa ta fi noma riba, sai a kira dillali ya yanka filotai, mai unguwa ya shaida ciniki. Kowane taku na ƙasa kuɗi ne, saboda haka ake matse hanya, a mance da filin makaranta da maƙabarta. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, amma neman fili ta hanyar hukuma yana cin lokaci da kuɗin da talaka ba shi da su. Tsarin shekara 20 da masanin tsara birane Trevallion ya zana wa Kano, daga 1963 zuwa 1983, tuni gari ya zarce iyakarsa. Sau da yawa kafin jami'an hukumar tsara birane ta KNUPDA su iso da jan fenti, an riga an tare.

A irin waɗannan unguwanni jama'a ne ke raɗa suna, kuma gado suka yi. A cikin badala, Tudun Nufawa da Agadasawa da Zangon Barebari suna faɗin waɗanda suka fara zama, Soron Ɗinki da Dukawa suna faɗin sana'a. A waje, Giginyu da Rimin Kebe sun ɗauko suna daga itace, Tudun Murtala kuma daga Janar Murtala Muhammad. Haka ake yi har yau, inda layi kan ci sunan masallaci, ko rijiya, ko wanda ya fara gini. Sunan da ya fito daga bakin mazauna yana kama ƙasa. Da shi ake kafa ƙungiyar ci gaban unguwa, a yi karo-karon sayen turakun lantarki, a fito aikin gayya a yashe kwata, a ɗauki 'yan sintiri.

Sai dai wannan haɗin kai yana zuwa ne bayan aikin gama ya gama. Lungun da aka bari ba ya ɗaukar motar kashe gobara. Ruwan damina ba shi da mafita sai cikin ɗakunan mutane. Mai naƙuda sai an tallabo ta zuwa bakin titi. Layuka da yawa suna da suna iri ɗaya, babu lambar gida, baƙo sai ya yi ta tambaya. Ranar da aka zo faɗaɗa hanya kuwa, rusau kan faɗa wa wanda ya tara gumin shekaru ya yi gini.

Tsarin da ya sauko daga sama shi ma yana da nasa cikas. Rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo da aka gina a zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, sun samu tituna da magudanai, amma farashinsu ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, gidaje da yawa suka daɗe babu mazauna. Sunan da ke da ƙanshin siyasa kuma yakan zama abin ja-in-ja da zarar gwamnati ta canza.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne, jama'a suna da himma da sanin wuri, hukuma tana da safiyo da ikon doka, amma ba sa haɗuwa a kan lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin a miƙa igiya a kan kowace gona, ya kamata magada, mai unguwa, dagaci, limami, wakilan mata da matasa da jami'in tsara birane su zauna tare. A nan za a ware faɗin hanya, mafitar ruwa, filin makaranta, asibiti da maƙabarta, a kuma amince da sunan da hukuma za ta rubuta a taswira. Domin magada su yarda su bar wani yanki na gonarsu, sai hukuma ta saka musu da rangwamen kuɗi da saurin ba da takardar shaidar mallaka.

Gonakin da suka rage a bayan Kawaji ba su da yawa. Yadda aka yanka su a 'yan shekarun nan, haka jikokinmu za su same su.