Hayar Gida Da Kayan Ɗaki Na 'Yan Watanni A Gefen Abuja: Abubuwan Dubawa Kafin Zuba Jari

Tsakanin otal, inda baƙo ke biya kwana-kwana, da hayar shekara, wadda ake biyan kuɗinta a dunƙule tun kafin a karɓi makulli, akwai wani nau'in haya da ke jan hankalin masu gidaje a Babban Birnin Tarayya. Mai gida yakan zuba gado da katifa, kujeru, labule, firji, murhun gas da kayan girki, ya haɗa wuta da ruwa da intanet, sannan ya ba da gidan na wata ɗaya zuwa wata shida. Ɗan haya jakar tufafinsa kawai zai shigo da ita.

Abin da ke kwaɗaitar da masu jari a fili yake. Kuɗin wata uku ko huɗu na irin wannan haya na iya kamo na shekara guda a gidan da babu kaya a ciki. Ga shi kuma sayen gida a Lugbe, Kubwa, Kuje, Karu ko Gwagwalada ya fi sauƙi nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da Maitama, Asokoro ko Wuse.

Sai dai duk watan da gidan ya yi a rufe, aljihun mai shi ne ke biyan mai gadi, gyara da lalacewar kaya. Don haka dacewar gida da wannan harka ta rataya ne a kan tambaya guda: watanni nawa a shekara za a samu mai zama kuma mai biya?

Wane ne zai zauna a gidan?

Mai neman masauki na wata biyu ko uku yana da takamaiman dalilin zuwansa, kuma dalilin yana da adireshi. Akwai ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja yana laluben gidan dindindin. Akwai injiniyan da kamfani ya turo aikin hanya ko gini, da jami'in ƙungiyar agaji mai kwantiragin wata shida, da iyalin da suka kawo mara lafiya doguwar jinya, da mazauna ƙasashen waje da ke dawowa hutun ƙarshen shekara, da magidancin da ya kwashe iyalinsa saboda ana gyaran gidansa.

Kowace unguwa da irin baƙin da take janyowa. Lugbe tana kan babbar hanyar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda ke zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Gwagwalada tana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja. A Bwari ne hedikwatar Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya da ta hukumar JAMB suke. Kubwa tana da tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, da sansanin masu yi wa ƙasa hidima.

Yawan jama'a kaɗai ba ya nuna akwai kasuwa. Mai yi wa ƙasa hidima yana karɓar alawus na Naira 77,000 a wata tun daga 2025, mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuwa Naira 70,000 ne tun daga 2024. Irin waɗannan ɗaki guda suke nema, galibi ma karo-karo suke yi su biyu ko uku. Wanda ke iya biyan dubban ɗaruruwa duk wata shi ne mai ƙarfin aljihu ko wanda ma'aikatarsa ke biya masa. Idan mai jari ya kasa lissafo wurare biyu ko uku kusa da gidan da ke kawo irin waɗannan mutane a kai a kai, to gidan na hayar shekara ne.

Dogaro da kafa ɗaya ma haɗari ne. Lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje a watan Janairun 2025, ayyukan ƙungiyoyi da dama a Najeriya sun tsaya ko sun ragu. Gidan da jami'an ƙungiyoyi kaɗai ke kama shi, abin da ya taɓa su ya taɓa shi.

Da mintuna ake auna nisa

Dillali zai ce gida bai fi kilomita 15 daga tsakiyar gari ba. Ɗan haya kuwa agogo yake dubawa. Hanyar Abuja zuwa Keffi, wadda ta ratsa Nyanya da Mararaba, ta yi suna wajen cunkoson safe da na yamma, inda tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a ba da tsakar rana kan ninka sau biyu ko fiye. Mazaunin shekara da shekaru yakan jure saboda arhar haya. Baƙon wata biyu da ke biyan kuɗi mai tsoka ba shi da dalilin jurewa.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ya kamata mai niyyar saye ya tuƙa mota daga ƙofar gidan zuwa inda 'yan hayarsa za su riƙa zuwa, da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, ya kuma dawo da ƙarfe shida na yamma. Ya duba ko hanyar da ta shiga unguwar tana da kwalta, ko direbobin Bolt da Uber na yarda su shiga da dare, da ko akwai kanti, kantin magani, masallaci ko coci a kusa.

Ya kuma koma da damina. Sassan Lokogoma da Lugbe sun sha fama da ambaliya, kuma a watan Yunin 2023 ruwa ya mamaye gidaje masu yawa a rukunin Trademore da ke Lugbe. Sabon fenti yana iya ɓoye shatin ruwa a bango, amma maƙwabta ba sa mantawa.

Wuta, ruwa da tsaro

A hayar shekara, ɗan haya ne ke sayen janareta, ya zuba mai, ya sayi katin mita. A hayar watanni kuwa duk wannan nauyi yana wuyan mai gida, domin da sharaɗin samun wuta aka biya shi.

Hukumar NERC ta kasa masu amfani da lantarki zuwa rukuni biyar. Rukunin A ya kamata ya samu aƙalla sa'a 20 a rana, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E kuma sa'a 4. A watan Afrilun 2024 hukumar ta ɗaga kuɗin rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. Gidan da ke rukunin A zai biya kamfanin AEDC kuɗi mai yawa, na rukunin C ko D kuma zai ƙone kuɗinsa a janareta, a lokacin da farashin fetur ya ninka tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Mafita ta uku ita ce sola da batura, wadda ke cin jari mai kauri tun farko. Ko wacce aka zaɓa, a rubuta a yarjejeniya adadin wutar da ke cikin kuɗin haya, domin baƙon da ba shi ke biya ba yana iya barin na'urar sanyaya ɗaki a kunne dare da rana.

Ruwan famfo daga madatsar Usuma bai kai ga unguwanni da yawa na gefen birni ba. A irin waɗannan wurare rijiyar burtsatse ce abin dogaro, sai a bincika ko tana ƙafewa a watan Maris da Afrilu, da ko ruwan yana da tsabta.

Tsaro ma yana cikin lissafi. Harin gidan gyaran hali na Kuje a ranar 5 ga Yuli, 2022, da sace-sacen mutane a yankin Bwari a farkon 2024, sun sa baƙi da ma'aikatunsu tambaya kafin su kama masauki. Gidan da ke cikin rukuni mai katanga da ƙofa ɗaya da masu gadi ya fi wanda ke tsaye shi kaɗai a bakin daji samun mai shiga.

Takardun gida

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnonin jihohi. A Babban Birnin Tarayya kuwa filaye na Gwamnatin Tarayya ne, kuma Ministan Abuja ke da ikon ba da su. Takardar da mai unguwa ko basarake ya rattaba wa hannu ba ta hana rusau. Kafin a biya ko kwabo, lauya ya binciki takardun a hukumar AGIS, ya tabbatar da sunan mai fili, da izinin gini, da ko ana bin filin bashin harajin ƙasa. A watan Maris na 2025 hukumar birnin, ƙarƙashin Minista Nyesom Wike, ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda rashin biyan wannan haraji.

A kuma san jihar da gidan yake. Mararaba da Masaka suna Jihar Nasarawa, Suleja da Madalla suna Jihar Neja, ko da yake da yawa daga cikin mazaunansu a Abuja suke aiki. Hukumomin filaye da kotunan waɗannan jihohi ne ke da hurumi a kansu. Haka nan wasu rukunonin gidaje suna da ƙa'idar da ta hana shige da ficen baƙi, ko ta ɗora ƙarin kuɗi a kai. Gara a karanta ta kafin a sayi labule.

Lissafin watanni

Misali zai fayyace batun, kuma alƙaluman da ke tafe na kwatance ne kawai. A ƙaddara gida mai ɗaki biyu da falo da aka saya Naira miliyan 60, wanda hayarsa ta shekara ba tare da kaya ba Naira miliyan 3 ce.

Zuba masa kaya da sola ya ci Naira miliyan 6. Idan kayan za su yi shekara huɗu kafin a sauya su, kowace shekara tana cin miliyan 1.5. Kuɗin gadi, shara, intanet da ƙananan gyare-gyare, waɗanda ake biya ko da mutum ko babu, a ce Naira 50,000 ne a wata, wato 600,000 a shekara. Idan aka haɗa da miliyan 3 da aka haƙura da su na hayar shekara, gidan yana buƙatar miliyan 5.1 kafin a ce an yi kunnen doki.

A ce kuɗin wata Naira 900,000 ne. Dillali ya ɗauki la'adar kashi 10 cikin 100, wato 90,000. Wuta, gas, wanki da goge-goge sun ci 160,000. Abin da ya rage 650,000 ne. Sai gidan ya cika kusan wata takwas a shekara kafin ya kamo abin da hayar shekara za ta bayar ba tare da wata ɗawainiya ba. Idan ya cika wata goma, mai gida ya ƙaru da miliyan 1.4. Idan wata shida kawai ya cika, ya yi ƙasa da miliyan 1.2.

Ko a shekarar wata goma, abin da ya shiga aljihu miliyan 4.4 ne, kashi 7 da ɗoriya na kuɗin sayen gidan. Sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya da Ofishin Kula da Basussuka ya fitar a watan Mayun 2025 yana biyan kashi 19.75 a shekara. Gida yana da fifikon cewa darajarsa na iya tashi, kuma hayar watanni tana ba da damar sauya farashi sau da yawa, abin da ke da amfani a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 a watan Disambar 2024. Amma wanda ya ci bashin banki ya sayi gidan, da wuya haya ta riƙe kuɗin ruwan.

Yarjejeniya da kula da gida

Gajartar wa'adi ba ta sa a tsallake rubutu. A Abuja, dokar karɓe gida daga ɗan haya ta tanadi cewa, idan ba a yi wani sharaɗi daban ba, mai biya wata-wata yana da haƙƙin notis na wata guda, mai biyan wata uku-uku na wata uku, mai biyan shekara na wata shida. Bayan haka akwai notis na kwana bakwai kafin a je kotu. Mai gida ba shi da ikon fitar da kayan ɗan haya ko sauya makulli da kansa. Saboda haka yarjejeniya ta ambaci ranar shiga da ranar fita, adadin masu zama, kuɗin ajiya na ɓarna, da jerin kayan gida tare da hotunansu. A karɓi kwafin katin shaida da sunan mai tsaya wa ɗan hayar. Idan kamfani ne zai biya, a sani yakan cire harajin kashi 10 cikin 100 daga kuɗin haya kafin ya tura.

Harkar tana kuma buƙatar mutum a kusa. Famfo zai tsiyaya da daddare, batir zai mutu ranar Lahadi, wani zai fita da safe wani ya shigo da yamma. Mai gidan da ke zaune a Kano, Sakkwato ko Landan dole ya ɗauki wakili amintacce, kuma albashin wakilin ya shiga lissafi.

Awo na ƙarshe shi ne a cire kayan ɗaki daga lissafin baki ɗaya, a duba ko gidan zai samu ɗan hayar shekara cikin sauƙi a farashin da mai shi zai gamsu da shi. Idan zai samu, gwajin hayar watanni na shekara guda ba zai karya mai jari ba, domin yana da wurin komawa. Idan kuwa sai gidan ya cika wata goma sha ɗaya ko sha biyu kafin lissafi ya daidaita, zai fi kyau a bar kuɗin kujerun a aljihu, a nemi mai biyan shekara.