CIWON FITSARIN ƁERA: GARGAƊI GA MANOMAN FADAMA DA DAGATAI

Wannan takarda tana ba ku labarin wani ciwo da a ke ɗauka cikin ruwan gona, wanda ya kan kwantar da ƙarfafan maza a asibiti daidai lokacin da gona ta fi bukatarsu. Likitoci suna ce da shi leftosifirosis. Mu kuwa za mu kira shi ciwon fitsarin ɓera, gama daga nan ya fi fitowa. In ka karanta, sai ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya ba.

MAFARIN CIWON

Wani likita a ƙasar Jamus, mai suna Adolf Weil, shi ya bayyana mugun nau'in ciwon nan a shekarar 1886: zazzaɓi, da shawara, da lalacewar ƙoda. A 1915 likitoci biyu na Japan, Inada da Ido, suka ba da labarin sun gano ƙwayar da ke kawo shi, ba a daɗe ba kuma aka same ta cikin ƙodar ɓeraye.

Ƙwayar nan ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Siririya ce, a murɗe kamar zare, bakinta a lanƙwashe kamar ƙugiya. Tana zaune cikin ƙodar ɓera, shi kuwa lafiyarsa lau, yana ta zuba ta cikin fitsari. Shanu da tumaki da awaki da karnuka da aladu su ma su kan ɗauke ta. In fitsarin ya faɗa wuri busasshe, ƙwayar ta mutu. In ya faɗa cikin taɓo ko kwantaccen ruwa, ta kan yi makonni da rai, har watanni.

To, ka shiga fadama kana dashen shinkafa, ga faso a dugaduganka, ko kaifin ganye ya yanke ka. Ta nan ta ke shiga. Tana kuma shiga ta ido da hanci da baki, in ka wanke fuska ko ka sha ruwan kududdufi. Da wuya mutum ya ɗauka daga mutum, saboda haka kada a guji majinyaci.

YADDA ZA KA GANE SHI

Bayan mako ɗaya ko biyu da shiga ruwan, wani lokaci har wata guda, sai zazzaɓi ya kama ka farat ɗaya, da rawar ɗari, da ciwon kai mai tsanani. Jiki duk ya yi tsami, amma ciwon ya fi ƙarfi a sha-raɓa da gadon baya. Idanu su yi ja wur, ba kwantsa. Kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne. Nan haɗarin ya ke, domin maganin zazzaɓin sauro ba ya taɓa wannan ƙwaya.

Cikin mutum 10 da suka kamu, kamar 9 su kan warke bayan sun sha kwanciya. Amma ɗayan nan, ciwon ya kan sauka cikin hanta da ƙoda da huhu. Ido ya yi rawaya, fitsari ya ragu ko ya tsaya sam, wani kuma ya shiga tarin jini. Wanda huhunsa ya cika da jini, fiye da rabinsu ba su tashi, ko da suna hannun likita. Ka lura da wata yaudara tasa: zazzaɓin ya kan sauka kwana ɗaya ko biyu, mutum ya ce ya warke, ya koma gona, sa'an nan ya dawo masa da ƙarfi.

ABIN DA YA KE CI WA JAMA'A

Wani babban lissafi da masana suka buga a 2015 ya nuna kowace shekara mutum wajen 1,030,000 ke kamuwa a duniya, wajen 58,900 su mutu. Kusan rabin masu kamuwa maza ne 'yan shekara 20 zuwa 49, watau masu riƙe da fartanya, masu ci da gida.

Ga misali daga ƙasar manoman shinkafa irinku. A Tailan, cikin shekarar 2000 kaɗai, an rubuta mutum fiye da 14,000 da suka kamu, fiye da 300 suka rasu, galibinsu manoman arewa maso gabashin ƙasar. Ga wani kuma na ambaliya. A watan Satumba na 2009 ruwa ya malale Manila, babban birnin Filifin, mutane suka yi ta ratsa shi da ƙafa. Cikin 'yan makonni asibitin San Lazaro shi kaɗai ya kwantar da mutum 471 saboda ciwon nan, 51 suka rasu.

Kada ka ce abin na nesa ne. Masana sun kama ɓeraye a lambunan Yamai da ke bakin kogin Kwara, suka sami ƙwayar a jikinsu, suka buga labarin a 2015. Ko'ina aka haɗa ɓera da ruwa da ƙafa ba takalmi, ciwon ya sami hanya.

Yanzu yi lissafi da kanka. Wanda ya je asibiti cikin kwanakin farko, sau da yawa ƙwayoyin doksisaikilin na mako ɗaya sun ishe shi, ya sha a gida. Wanda ya yi jinkiri har ƙodarsa ta tsaya, sai gado, da allurar fenisilin ko makamanciyarta ta jijiya, da ƙarin ruwa, watakila har wankin ƙoda, wanda ba a yinsa sai a manyan asibitocin birni. Ga kuɗin mota, ga mai jinya ya bar tasa gonar, ga ciyawa ta cinye shinkafa, ga bijimi an kai kasuwa ba a shirya ba. Mutum ɗaya ya kwanta, gida duka ya ji a rumbu. Garke ma ba ya tsira: ciwon ya kan sa saniya ɓari, nono kuma ya janye.

ABIN DA ZA KA YI

1. In zazzaɓi ya kama ka bayan aikin fadama, ko yankan rake, ko su, ko fiɗa, ko yashe lambatu, ko ratsa ambaliya, kada ka wuce kwana biyu ba ka je asibiti ba. Ka faɗa wa malamin asibiti irin ruwan da ka shiga, da ranar. Ka ambaci fitsarin ɓera da bakinka.

2. In an gwada jini ba a ga zazzaɓin sauro ba, ko ka sha maganinsa bai sauka ba, koma nan da nan.

3. Rawayar ido, ko ƙarancin fitsari, ko tarin jini, ko numfashi da ƙyar: a ɗauki mutum a ranar, kada a jira gari ya waye. Kada a tsaya ga jiƙon shawara, kada kuma a yi ta ɗura masa ƙwayoyin kashe ciwo na kasuwa, gama waɗansunsu suna ƙara wa ƙoda rauni.

4. Sa dogon takalmin roba in kana da hali. Rufe kowane rauni kafin ka shiga ruwa, in ka fito ka wanke jiki da sabulu da ruwa mai tsabta. Tafasa ruwan sha.

5. Toshe ramukan ɓera, rufe bakin rumbu, ɗana tarko, share ciyawar kunya da ta gefen gida. Mushen ɓera kada ka taɓa da hannu, binne shi.

6. Saniyar da ta yi ɓari, ware ta, ka binne ɗan da mahaifar ba da hannu tsirara ba, ka kira malamin dabbobi. Akwai allurar rigakafi ta shanu da ta karnuka, tambaye shi.

GA DAGACI

Ranka ya daɗe, jama'a a hannunka su ke. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin ruwa ya sauka, tara masu unguwanni, a karanta musu wannan takarda. A yi gayyar kashe ɓera gari ɗaya rana ɗaya, domin in gida guda ya kora, maƙwabci ke karɓa. A yi wa rijiyoyi baki da murfi, a raba mashayar dabbobi da inda yara ke wanka. Ka ajiye littafi: duk wanda ya kwanta da zazzaɓi da jan ido ko shawara, rubuta sunansa, da ranar, da fadamar da ya yi aiki. In mutum biyu ko uku sun fito daga wuri ɗaya, aika wa hakimi da malamin lafiya a ranar. Da wannan littafi naka likita zai san inda ciwon ya ke, ya tanadi magani kafin gadajen asibiti su cika.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wanda ya shuka shi zai girbe da hannunsa.