Sana'ar Rubuta Labarin Leƙen Asiri

A Kasuwar Kure ta Minna, wadda ta ci sunan tsohon gwamnan Neja Abdulƙadir Kure, idan ka tsaya gaban mai sayar da littattafai za ka ga yadda ake gwada hajar marubuci. Mai saye zai ɗauki littafi, ya dubi bangon, ya karanta shafi ɗaya daga farko, ya leƙa ƙarshe. Cikin minti biyu ya yanke hukunci: ko ya laluba aljihu, ko ya ajiye. Aikin wata shida ke nan ake aunawa a tsaye.

Ɗanyen kayan wannan sana'a a kunne ake tara shi. Marubucin labarin leƙen asiri yana bin labaran rediyo, yana zama a kotu, yana jin hirar direbobin da ke ketare iyaka da tsofaffin 'yan sanda. Daga nan sai littafin rubutu da biro, ko kuma a yau wayar hannu.

Wahalar tana wurin awo. Kaya uku ake zubawa a tukunya ɗaya: gumurzu, wato harbi da tsere da guje-guje, ƙullin labari, wato wa ya ci amanar wa, kuma yaushe mai karatu zai gane, sai tauraro, mutumin da ake bi. In gumurzu ya yi yawa, littafin ya zama hayaniya, a shafi na talatin an gaji da ƙarar bindiga. In ƙulli ya cika sarƙaƙiya, mai karatu ya ɓace, ya ce labarin ba shi da kai. A ganina tauraro ne gishirin miyar. Sai mun san yana da uwa tsohuwa da yake tsoron a taɓa, ko bashin da ya hana shi barci, kafin gabanmu ya faɗi idan mota ta biyo shi da dare.

Turawa ma sun rabu a kan wannan awon. Ian Fleming ya fito da James Bond a 1953 da motoci da faɗa, shekara goma bayan haka John le Carré ya kawo ɗan leƙen asiri gajiyayye wanda shugabanninsa suka yi amfani da shi suka yar. A wajenmu, 1982 shekara ce da ba a mantawa: Sulaiman Ibrahim Katsina ya buɗe cikin masu fasa-ƙwauri a Turmin Danya, Bature Gagare kuma ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa, inda tsohon soja ya rikiɗe ya zama ɗan ta'adda. Jihar Neja kuwa ba baƙuwa ba ce a harkar labari mai riƙe numfashi, domin a Kagara aka haifi Abubakar Imam a 1911, a Minna aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921.

Idan rubutu ya kammala, sai kuɗi su fara fita: mai buga rubutu a kwamfuta, mai zanen bango, faranti, takarda, maɗaba'a, galibi a Kano. Takarda ce ke cinye jari, tunda daga waje ake shigo da ita, tana tashi duk lokacin da dala ta tashi. Shi ya sa ake yanka labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, a tsaya daidai inda aka ɗora wa tauraro bindiga a ƙeya, don cinikin na farko ya buga na biyu. Dila ya karɓa bashi, 'yan sari su kai Minna da Kontagora da Bida, marubuci ya yi ta sintirin neman kuɗinsa.

Yanzu da yawa sun koma WhatsApp da Wattpad, suna sakin shafukan ɗanɗano kyauta, mai son ci gaba ya biya. An huta da kuɗin takarda, amma mutum ɗaya kan saya ya watsa wa ɗari, wani kuma ya karanta a YouTube ya ci riba ba da izini ba.

Mai karatu, idan labari ya hana ka barci, nemi mai shi ka biya shi haƙƙinsa.