Ƙwayoyin Asali da Gyaran Ƙwaƙwalwa Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Shanyewar ɓarin jiki ba baƙuwar cuta ba ce a karkarar Funtua da Malumfashi. Magidanci yakan kwanta lafiya, ya wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa ba sa motsi, har a ce iska ce ta taɓa shi. Ainihin abin da ya faru kuwa a cikin ƙwaƙwalwa yake: ko dai wata jijiyar jini ta toshe, ko ta fashe. Da zarar jini ya yanke, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sai su fara mutuwa. Wani ƙiyasi na 2006 da aka wallafa a Amurka ya nuna cewa in babbar jijiya ce ta toshe, akan rasa ƙwaya kusan miliyan 1.9 a kowane minti, kuma ƙwaƙwalwa ba ta iya maye gurbinsu kamar yadda fata ke warkewa.

Shuka a Ƙwaƙwalwa

Wannan ne ya sa masana suka juya ga ƙwayoyin asali, waɗanda Turawa ke kira sitem sel. Su ne ƙwayoyin da ba su riga sun zama komai ba, amma suna iya rikiɗa su zama ƙashi ko jini ko jijiya. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya gano hanyar mayar da ƙwayar jikin ɓera ƙwayar asali, a 2007 ya yi haka da fatar mutum, abin da ya ba shi lambar Nobel a 2012.

An kuma gwada su a jikin mutane. A 2016 Jami'ar Stanford ta ba da rahoton majinyata 18 da aka huda wa ƙoƙon kai aka zuba musu ƙwayoyin da aka samo daga ɓargo, wasunsu suka sami ƙarin motsi. Amma da aka faɗaɗa gwajin zuwa mutum 163, sakamakon 2019 bai nuna waɗanda aka yi wa dashen sun fi saura ba.

Manomi zai fahimci matsalar nan da nan. Komai kyawun irin auduga, in aka shuka shi a faƙo ba zai yi ba. Wurin da cutar ta ci yakan zama kogo, ba jini, ga kumburi, ga tabo kewaye da shi, don haka mafi yawan ƙwayoyin da aka dasa sukan mutu cikin ɗan lokaci. Shi ya sa bincike ya koma ga gyaran gonar kanta. A Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Tatiana Segura da Thomas Carmichael sun haɗa wani abu mai yauƙi da ake cika kogon da shi. A 2016 sun nuna yana taimakon ƙwayoyin da aka dasa, a 2018 kuma wani samfurinsa ya sa sababbin jijiyoyin jini da na saƙo suka tsiro a kogon. Sai dai duk a jikin ɓeraye aka yi wannan. Saboda haka garin magani ko ƙwayar da 'yan talla ke sayarwa da sunan sitem sel ba shi da alaƙa da wannan aiki.

Abin da ke Hannunmu

Binciken SIREN na Nijeriya da Gana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta, da hannun asibitocin koyarwa na Zariya da Kano, ya bayyana a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo cutar, cin ganye kullum kuwa yana rage haɗarinta. Ga zogale da rama da alayyafo a gonakinmu.

Idan kuma cutar ta auku, allurar narkar da gudan jini tana amfani ne cikin awa huɗu da rabi kawai, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna. Don haka ɗalibin da ya ga bakin mahaifinsa ya karkace, ko maganarsa ta sarƙe, kada ya jira gari ya waye. A garzaya da shi asibiti, domin a tura shi babban asibiti irin na Shika tun da sauran lokaci.